Fim a Kan Igiyar Shanya

Duk wanda ya shiga maƙabartar Panjakent ya bi layin baƙaƙen duwatsun nan masu fuskokin mamata a jiki, to rabin fuskokin da ke kallonsa daga kyamarar Usto Haknazar suka fito. Ya fi shekara arba'in yana ɗaukar mutanen garinmu hoto a wani ɗan shago bayan rumfar masu busasshen inabi, ranar aure, ranar tafiya soja, ranar neman fasfo. In mutum ya rasu, 'ya'yansa su zo su ce, "Usto, a duba mana na Baba," shi kuma ya jawo kwalin takalmi ya zaro nagatif ɗin kamar jiya ya ajiye shi. Aikinsa ba shi da na biyu, halinsa kuwa sai haƙuri. Ya taɓa korar ango da amarya daga shago don angon ya ce a ɗan yi sauri. Ɗakin da yake wanke hoto kuwa, tun yana ɗan shekara goma sha uku a gidan ubansa har ya tsufa, babu mahalukin da ya taɓa sa ƙafa a ciki, har matarsa, Allah ya jiƙanta.

Da wayoyi suka zo, kasuwa ta mutu masa a hannu, bakin ne dai bai mutu ba. Yakan ce waya madubin maƙaryata ce, tana goge wa tsohuwa tamoji ta mai da ita 'yar tsana. Fim ya yi wuya a garin, har ya zamana saura ɗaya tak gare shi, baƙi da fari, mai ɗaukar hoto talatin da shida. A firij yake ajiye shi kusa da man shanu, yana jiran aikin da ya cancanta.

Aikin ya zo ta waya, wayar da yake zagi. Yayarsa ce, Gulandom, wadda ta girme shi da shekara shida, aka kai ta aure Samarkand tana da goma sha tara. Tsakanin garinmu da Samarkand tafiyar awa guda ce. A da mutum kan hau bas da safe ya dawo da gurasar can da sauran ɗuminta. Sai manyan ƙasashen biyu suka yi rigimarsu a ofisoshinsu aka rufe iyakar da ke tsakaninmu, ya zama sai ka je Dushanbe, babban birninmu, ka yi layin biza, sannan ka yi zagayen kwana biyu kafin ka isa garin da in ka hau tudu kusan kana hango hayaƙinsa. Shekara tara Usto bai ga yayarsa ba, kuma kullum ya tuna sai ya yi ƙwafa.

"Haknazar," in ji ta, "ka zo ka ɗauke ni hoton dutse."

"Haba Apa," in ji shi, yana nufin yaya, "wace irin magana ce wannan?"

"Maganar mai shekara saba'in da huɗu da ciwon zuciya. Ɗana Behruz ya ɗauke ni da waya, ya nuna mini wata yarinya ya ce wai ni ce. Ko tabon da ka yi mini babu. In aka sa wannan a kabarina, jikokina za su zo su yi wa wata addu'a."

Tabon nan a girarta ta hagu yake. Shi ya jefe ta da ɗanyar gyaɗar bishiya yana ɗan shekara bakwai, don ta kai ƙararsa wurin babansu. Ya ajiye wayar bai ce zai zo ba, washegari ya hau motar Dushanbe.

Biza ta kwana goma suka ba shi, a hutun sabuwar shekara. A kan iyaka wani matashi mai kaki ya ce a sa jakar kyamarar cikin injin haska kaya, Usto ya zaro fim ɗin ya damƙe a hannu ya ce sai dai a haska shi da kansa. Suka riƙe shi awa biyu, daga baya suka gaji da bakinsa suka ce ya wuce.

Ya isa Samarkand ana ruwa. Ya kamata ƙanƙara ta sauka a wannan lokacin, fara tas, mai mayar wa fuska haske daga ƙasa, shi abin da ya lissafa ke nan. Sai ga ruwa, ba mamako ba, ba yayyafi ba, wani irin tsiyaya mai naci daga sama mai kalar tokar murhu. Gulandom ta tarbe shi a bakin ƙofa da sanda, ta kama fuskarsa da hannu biyu tana kuka tana cewa ya tsufa ya yi muni. Ɗanta Behruz, mai shagon gyaran waya, ya karɓi jaka. Matarsa Mohira, kelin ɗin gidan, wato matar ɗa, ta dafa ƙirji ta rusuna har sau uku, ta zuba masa ruwan wanke hannu, ta goge masa takalmi ta juya bakinsu waje. Shekararta huɗu a gidan, kuma irin surukar nan ce da ba a jin tafiyarta. Kafin baƙo ya ajiye kofi ta ɗauke, kafin ya cire safa ta wanke ta shanya.

Kwana shida suna zaune a sandali, ɗan teburin nan mai garwashi a ƙarƙashi da bargo a lulluɓe, kowa ya cusa ƙafa, ana shan koren shayi ana kallon ruwa ta taga. Usto ya cika ya yi fam. Kowace safiya sai ya fita tsakar gida ya ɗaga tafin hannu ya duba hasken da ke kai, ya yi tsaki ya dawo.

"Tago," in ji Behruz, yana nufin kawu, "ga fitila a ɗaki, ga ta waya. Ka kunna ka ɗauka mana, mu huta."

"Fitila? In haska uwarka kamar ɓarawon da aka kama a rumbu?"

"To ga wanda na ɗauka. Mai sassaƙa dutsen kabari ma ya ce irin wannan ya fi sauƙin aiki, babu layi-layi."

Usto ya karɓi wayar da yatsa biyu kamar an ba shi mataccen ɓera. "Wannan wace ce? Ƙanwar matarka?"

"Oca ce mana," in ji Behruz, yana nufin uwarsa.

"Uwarka ta haifi shida ta binne biyu, ta yi shekara ashirin tana tsintar auduga. Ina suka shiga a nan? Kai ka cinye su?"

Gulandom ta yi dariya har ta sarƙe, Mohira ta sunkuyar da kai ta ƙara masa shayi.

A rana ta bakwai, bayan la'asar, sama ta tsage ta yamma. Usto ya zabura kamar an ɗana masa wuta, yana ihu a kawo kujera. Mohira ta sa wa tsohuwa rigar karammiski da farin mayafi, aka zaunar da ita ƙarƙashin rumfar inabin da ganyenta ya zube. Rana ta zo a kwance, mai laushi, ta bi kowane layi na fuskar, ta tsaya a kan tabon. Usto ya ɗaga kyamara. Ya ɗauki ashirin da huɗu, yana cewa ɗaga haɓa, kada ki yi murmushin 'yan biki, kalle ni kamar na ci bashin gurasarki. Shekara tara rabon da ya ji daɗi irin na wannan 'yan mintoci. Sai saman ta rufe, ruwa ya kece kamar da gayya, suka yi ta kan tsohuwa da kujerarta, kyamara da jaka suka jiƙe jagab. Ya goge bayan kyamarar da gefen riga ya ajiye a kan taga. Bai naɗe fim ɗin ya koma gwangwaninsa ba, tunda akwai sauran goma sha biyu a ciki.

Washegari da sassafe Behruz ya ja shi gidan maƙwabci cin shinkafar sadakar arba'in, irin wadda maza ke taruwa a kai kafin rana ta ɗaga. Usto ya ci da marmari, har ya yi wa wani tsoho ba'a. Suka dawo wajen hantsi. Ya ture ƙofar ɗakin, ya tsaya.

An ɗaura igiya daga ƙusar taga zuwa ƙusar ƙofa, daidai saman sandali. A kan igiyar, tsakanin safarsa da hularsa, ga fim ɗinsa a miƙe, an maƙale shi da abin shanya guda huɗu, gwangwanin yana reto a ƙarshe. A ƙasa ga kyamara, bayanta a buɗe, an goge ta tana ƙyalli, an ɗora ta a kan farin tawul mai ado.

Wanda bai san fim ba ba zai gane ba. Kafin a wanke shi da magani a cikin duhu, ƙiftawar haske ɗaya ta isa ta cinye duk abin da ke jikinsa. Wannan kuwa ya yi awa uku yana shan hasken taga.

"Wa ya taɓa?" Muryar ta fito a hankali, abin da ya fi ihu ban tsoro.

Mohira ta shigo da butar shayi, ta ga fuskarsa, ta ajiye butar. "Tago, ruwa ne ya shiga ciki, shi ne..."

Bai bar ta ta ƙarasa ba. Ya zazzage mata kwandon masifa tun daga kai har ƙafa. "Wa ya aike ki? Na ce miki kayana safa ne? Duk abin da kika gani a gidan nan sai kin wanke kin shanya? Kwana biyu na yi a mota, na yi layi a Dushanbe kamar mai bara, na yi faɗa da masu bindiga a kan abin nan, ashe maƙiyin yana cikin gida yana zuba mini shayi! A gidanku ba a koya miki tambaya ba? Kai ne a wuyanki ko tulu?"

Ta dafa ƙirji, ta sunkuya, hawaye na ɗiga a kan darduma. Kelin ba ta mayar wa dattijon gidan miji magana, ba ta kuma nuna surukarta da yatsa, ko da wuƙa a wuya. Behruz, maimakon ya tsaya wa matarsa, sai ya ara ya yafa, ya hau ta da nasa faɗan don kawunsa ya ga shi ma namiji ne. Wallahi wannan ya fi komai ba ni haushi a labarin nan.

Sai aka ji sanda tana buga ƙasa. Gulandom ta fito daga ɗakin ciki da carbi a hannu.

"Ka gama? Ni na sa ta."

Ta dogara a kan sandarta ta ci gaba.

"Ta ce mini, Oca, mu jira Tago ya dawo. Na ce ke tafi can, yaushe aka haife ki, ni na san aikin ƙanena. Ba haka kake yi ba a gidan Baba? Ka fito daga ɗakin ajiya da fim a jiƙe, ka maƙale a igiyar shanyata, in na matsa kusa ka hau zagina? Na ga ya jiƙe, na ce a shanya maka kafin ka dawo ka ji daɗi."

"Apa, wancan bayan an wanke ne! A cikin duhu ake fara..."

"To ina na sani? Ka taɓa barina na leƙa? Sau nawa na tsaya a bakin ƙofar nan ina roƙonka, ka ce mata ba su da kan wannan aiki? Abin da ka bari na gani, shi na yi."

Fushin Usto yana nan, bai ragu da ƙwayar gero ba, sai dai ya rasa inda zai sauke shi. Ya so ya zagi ruwa, ya so ya zagi masu rufe hanya, ya so ya zagi yaron nan ɗan shekara goma sha uku mai girman kan tsiya da ke kulle ƙofar ɗakin ajiya. Ya miƙa hannu ya cire fim ɗin daga igiya don ya jefa a garwashi, sai ya ji gwangwanin da ɗan nauyi. Ya girgiza shi kusa da kunne.

"Ba ku zare duka ba?"

Mohira ta amsa ƙasa-ƙasa, ba ta ɗago ba. "Na ji tsoro, Tago. Na ce wa Oca ya ƙare."

Ƙaryar da ta yi wa surukarta ita ta bar masa kamar taƙi biyu na fim a cikin gwangwani, inda haske bai kai ba. Ya sa almakashi ya yanke mataccen, ya naɗe kyamara cikin rigar sanyinsa don kada haske ya shiga, ya cusa hannu ta hannayen rigar, ya ɗaura ragowar da laluben yatsu. In Allah ya so, hoto uku. Ya gama, ya ɗago, ya kalli Mohira, ya san abin da ya kamata ya faɗa. Bai faɗa ba. Dattijo mai shekara sittin da takwas ya ba kelin haƙuri a gaban mijinta? Ya ce a ba shi shayi.

"Ba za ka ɗauke ni ba," in ji Gulandom, "sai ka ba yarinyar nan haƙuri."

"To kada a ɗauka."

"To kada a ɗauka ɗin."

Jini ɗaya ne, taurin kai ɗaya. Kwana na tara ya wuce suna zaune a sandali ɗaya, ƙafafunsu na gugar juna a ƙarƙashin bargo, ba mai ce wa wani uffan. Mohira na kai da kawo tsakaninsu da faranti, idonta a kumbure. Ruwa kuwa ko a jikinsa.

Ran na goma da safe mota ta tsaya a ƙofar gida, don in bizar ta ƙare yana cikin ƙasar, wata masifar ce. Ya rataya kyamara a wuya, ya ɗauki jaka, ya fita cikin ruwa bai waiwaya ba. Ya kai bakin mota sai ya ji Gulandom a bayansa. Ta biyo shi har ƙarƙashin rufin ƙofar, babu karammiski, babu farin mayafi, sai tsohon ɗankwalin girki da rigar ulu mai faci a gwiwar hannu.

"Haka za ka tafi? Jakin Panjakent! Tun kana yaro haka kake, ka fasa wa mutum kai ka koma gefe kana kumburi kamar kai aka cuta! Shekara tara ina jiranka, ka zo ka sa mini yarinya kuka, ka ɗauki jaka? Baba ya yi gaskiya da ya ce..."

Ya juyo don ya rama, sai ya gani. Hasken da ya yi kwana goma yana zagi ya sauka a kan jiƙaƙƙen titi ya taso, ya cika fuskarta ba inuwa ko ɗaya. Ga layukan duka, ga tabon, ga idanun nan da suka yi masa tarbiyya da harara, ga yatsa a sama. Bai taɓa ganin ta yi kama da kanta kamar haka ba. Ruwa na zuba a kan gilashin kyamarar. Kafin ya nema, sai ga laima a kansa. Mohira ce ta riƙe, ita tana tsaye a cikin ruwan.

Ya danna sau ɗaya, ya danna na biyu. A na uku fim ya ƙare a rabin hanya.

"Ɗaukata ka yi? Ina faɗa? Da wannan ɗankwalin? Haknazar, Allah ya isa!"

Ya kama kanta ya sumbaci tabon, ya shiga mota da sauri don kada ta ga fuskarsa. Har suka sha kwana yana jin muryarta.

A gida ya wanke ɗan guntun fim ɗin. Na farko haske ya ci gefensa, na biyu ya fito lafiya lau. Ya buga shi babba, ya bushe, ya juya bayansa ya ɗauki fensir. Ya fi rabin awa yana zaune kafin ya rubuta layi ɗaya: "Kelin, na zalunce ki, ki yafe mini." Ya ba wata mata mai safarar atamfa ta kai, ya ja mata kunne cewa a hannun Mohira za ta sa, ba a hannun mijin ba.

Gulandom ta rasu kafin bishiyoyi su yi fure. Aka yi masa waya da hantsi, aka binne ta da la'asar, tafiyar awa guda daga shagonsa, shi kuwa biza sai bayan mako uku. Ya rufe shago ya hau tudun bayan gari ya tsaya yana kallon yamma, yana zagin duk wanda ya taɓa riƙe hatimi a duniya.

Bayan shekara, lokacin kafa dutse, maƙwabcinsa mai inabi ya shigo da waya a hannu ya ce an aiko masa saƙo daga Samarkand. Muryar Mohira ce, karo na farko da ya ji ta yi magana mai tsawo. Ta ce Behruz ya riga ya kai nasa hoton wurin mai sassaƙa, ita kuma ta bi bayansa ta karɓe ta ba da na Tago, don Oca kafin ta cika ta sa an rataya shi a gefen gadonta, kullum tana kallo tana cewa ɗan banzan ya iya aiki. Ta ce mai sassaƙa ya so ya share tabon, ta yi kwana uku tana zuwa tana tsaya masa a kai. Ta ce abin da aka rubuta a bayan hoton, ta yafe tun ranar laima.

Sai hoton dutsen ya biyo. Usto ya sa tabarau, ya karɓi wayar da hannu biyu. Ga ta nan a kan baƙin dutse, da ɗankwalin girki, da tabonta, tana hararar duk wanda ya zo wucewa. Hannun ne kawai babu, mai sassaƙa ya tsaya a kafaɗa.

"Ina yatsan?" in ji Usto. "Wane jaki ne ya yanke mata yatsa? Da me za ta nuna ni?"

Mai inabi ya miƙa hannu zai karɓi wayarsa, ya ga tsohon ya ƙi saki, ya ga kafaɗunsa suna rawa. Sai ya ja masa ƙofar shagon ya koma rumfarsa.